Jan Noti a Ƙarƙashin Sikelin Farfesa

Shafi na 17

Gaisuwa gare ku, har da wadda ta turo min saƙo sau tara tana tambayar ko mutuwa na yi. Ban mutu ba, cajata ce ta mutu. Ga shafinku, a karanta a zaune.

*

Baƙuwar ta ce a auna mata ƙwaya ɗaya.

Ƙwaya ɗaya tak. Ta zaro ta daga aljihun wandonta, farar ƙwayar ciwon kai irin wadda kowa ke da ita a gida, ta ɗora a tafin hannu tana murmushi. Ta ce shekara uku kenan da jami'arsu ta ƙetare ta aiko wa sashenmu na haɗa magunguna da sikelin nan, kullum a rahoto take karanta labarinsa. Yau tana so ta gan shi yana aiki da idonta, kafin ƙarfe huɗu a sa hannu a sabuwar yarjejeniya.

Farfesa ya yi dariya irin ta manya, wadda ba ta wuce maƙogwaro. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Ni ina bakin ƙofa riƙe da tsumma. Nan ne ofishina duk ranar da aka yi baƙi.

Don waɗanda suka shigo mana ta taga: 'Yar Sito ake ce min. Ni ke riƙe da makullin ɗakin ajiya, ni ke wanke kwalabe, kuma in ba baƙi, ni ke koya wa ɗalibai awo. Digiri dai ba ni da shi. Ɗan abin da na sani a kemis ɗin marigayi Baba na tsince shi, daga 'yan takardun nan da ake nannaɗewa a cikin kwalin magani, waɗanda kowa ke yarwa a kwandon shara. Ni karantawa nake yi. Shi kuwa Farfesa, shugaban sashe, yayan Ummata ne uwa ɗaya uba ɗaya. A gida Kawu ne. A makaranta ya ce duk ranar da kalmar nan ta fito daga bakina, in ajiye masa makulli.

Sikelin kuma, tun ranar da ya zo bai taɓa auna ko ƙuda ba. Kawu ya sa aka yi masa ɗakin gilashi, aka shimfiɗa masa leshi, aka ajiye furen roba a gefe. Ɗalibai ta taga suke gaishe shi. In an yi baƙi a buɗe, a tsaya kusa da shi, a yi hoto, a rufe. Kawu ya ce abu mai daraja ba a bai wa yara su lalata.

Awon gaskiya a sito ake yin sa, da tsohon sikelin Baba mai faranti biyu da duwatsun tagulla, wanda na ɗauko daga gida lokacin da na makaranta ya lalace. Ni nake cike takardun awon da hannuna. Kawu ya buga hatiminsa a ƙasa, a rubuta sunan sabon sikeli a sama, a tura ƙetare. Shekara uku muna a haka, ba wanda ya yi tari.

Da safen nan ma, a ɗakin taro, baƙuwar ta ce haɗin gwiwa ba hanya ɗaya yake bi ba, ita ma akwai abin da ta koya a wurin Farfesa: sifilinsa. Yadda yake rubuta sifili ƙato kafin ɗigo, ya ja masa layi biyu a ƙasa, don kada wani ya ga rabin giram ya ɗauka giram biyar ne. Ta ce haka take koya wa ɗalibanta a can, har sifilin Farfesa suke ce masa. Aka tafa. Kawu ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai don tawali'u. Da gani bai san wane sifili ake magana ba.

Sifilin Baba ne. Ya taɓa ganin jaririyar da ta kwana huɗu a gadon asibiti saboda ɗigon da mai ba da magani bai gani ba. Tun ina 'yar shekara tara, in na rubuta sifilin farko ba layi, sai ya ƙwanƙwashe ni da murfin biro. Har yau hannuna ba ya iya wuce shi.

To, mu koma ga ƙwaya.

Farfesa ya yafito Dakta Turare. Ɗalibai ne suka sa masa sunan, don ƙamshinsa ke riga shi shiga aji da minti biyu. Shi aka tura ƙetare sati shida ya koyo aikin sikelin nan. Ya dawo da hula mai baki, da hotuna ɗari a cikin ƙanƙara, da sabuwar hanyar kiran sunan ruwa da Turanci. Tun daga lokacin Hausa take yi masa nauyi a baki.

Ya sa safar hannu, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara farar riga. Ya jona sikeli ya kunna. Fuskar sikelin ta kawo haske, ta nuna 'yan layuka huɗu a jere, ba lamba ko ɗaya.

Ya ɗora ƙwaya. Layuka huɗu.

Ya ɗauke. Layuka huɗu.

Ya ce wutarmu ce ba ta da ƙarfi. Baƙuwar ta ɗaga kai ta kalli fankar sama tana gudu kamar za ta tsinke.

Ya ce to fankar ce, irin wannan sikeli ba ya son iska. Aka kashe fanka.

Ya ce numfashin mutane ya yi yawa a ɗakin, ya waiwayo ya kalle ni. Na fitar da ƙafa ɗaya waje, na bar ɗaya a ciki.

Layuka huɗu.

Baƙuwar ta matso. Ta sauke jakar goyonta, mace da furfurarta, ta durƙusa da gwiwa biyu a kan siminti ta leƙa ƙarƙashin sikelin. Ta ɗan jima. Da ta ɗago, murmushin ya tafi abinsa.

Ta ce akwai jan noti guda biyu a ƙasa. Kamfani ke ɗaura su don kada cikin sikelin ya girgiza a hanya. Ranar farko ake cire su. In suna nan, ko buhun siminti aka ɗora ba zai motsa ba.

"Shekara uku ana awo da shi, to wa ya sake ɗaura su?" ta tambaya.

Farfesa ya duba agogo, ya ce lokacin shayi ya yi.

*

Ita aka kai ta ɗakin taro shan shayi, ni aka kai ni ofis. Kawu ya rufe ƙofa da kansa. Dakta Turare ya jingina da bango, a ƙarƙashin takardun shaidar Kawu guda goma sha ɗaya da nake gogewa duk Litinin. Na san su sarai. Huɗu daga ciki na halartar taro ne, ɗaya kuma sau biyu aka rataye ta, firam ne kawai ya bambanta.

Kawu ya ja kujerarsa. Ya zauna gaban kwamfuta yana bugu da yatsu biyu, kamar kaza na tsince dawa. Injin ya tofo takarda, ya turo min ita a kan tebur.

Takardar ta ce ni, ma'ajiyar sito, jiya ina goge-goge na ga noti biyu a cikin kwali, na ɗaura su a ƙasan sikelin ba da izinin kowa ba, saboda rashin ilimi. Na amsa laifina. An dakatar da ni daga aiki, kuma zan miƙa makullin sito nan take.

Rashin ilimin da manyan baƙaƙe ya rubuta shi, don kada in rasa inda nake a cikin takardar.

"A gaban baƙuwa za ki sa hannu," ya ce. "Don ta gani."

"Ranka ya daɗe, notin da na ɗaura jiya ake nufi, ko waɗanda na gaya maka a cire tun satin farko?"

Ya ce bai tuna da wannan maganar ba.

Na tuna masa. Ranar da aka fasa kwali na zauna na karance littafin da ya zo da sikelin. A shafi na uku akwai hoton notin, har da kibiya tana nuna su, don irinmu marasa ilimi. Na zo ofishin nan, na tsaya inda nake tsaye yanzu, na faɗa. Ya ce kada in kuskura in taɓa abin da ban iya rubuta sunansa ba, ga Dakta nan za a tura ya koyo.

Dakta Turare ya ce su a can sikelin da suka yi aiki da shi an riga an girke shi, ba wanda ya nuna musu ƙasansa.

Na ce gaskiya ne, sati shida ba ya isa mutum ya durƙusa.

"Ke, ki san da wa kike magana."

"Na sani, Dakta. Tun kana bayan ƙofa na ji."

Kawu ya bugi tebur da tafin hannu har biro ya faɗi ƙasa. Na ɗauko na mayar masa, don har lokacin aikina ne.

Ya sauya murya. Ya ce in daina tunanin kaina. In baƙuwar nan ta gano rahoton shekara uku ba daga sikelinta ya fito ba, ba yarjejeniya. In ba yarjejeniya, ɗalibai shida da aka zaɓa za su je can su yi shekara guda suna karatu, sai dai su zauna. Ya jero min su ɗaya bayan ɗaya, ya karya sunan biyu daga ciki, don bai taɓa shiga ajinsu ba.

Ni na san su. Ni na riƙe hannunsu ranar da suka fara ɗora dutsen giram a faranti. Akwai wadda tun watan jiya take saƙa hular sanyi a bakin sito, tana tambayata ko ja zai yi mata kyau a hoto.

Nan kam ya same ni. Ban nuna masa ba.

Ya ce dakatarwar ta ɗan lokaci ce, in ƙura ta lafa zai dawo da ni. Na ce na san ɗan lokacin makarantar nan. Mai gadin da aka dakatar na ɗan lokaci, jikar da aka haifa masa a satin yanzu ita ke kai ƙannenta makaranta. Kuma ƙanin matar Dakta sau uku yana zuwa sito yana gwada kujerata, har ya ce ta yi masa gajarta.

Dakta ya shiga duba farcensa.

Sai bakina ya ja min. Na ce ko na sa hannu baƙuwar ba za ta yarda ba. A kan kowane noti akwai ɗigon fenti ruwan ƙwai da kamfani ya sa, wanda in an taɓa juya notin dole ya tsage. Ƙasan akwai duhu shi ya sa ba ta lura ba. In ta haska fitilar waya, za ta ga fentin yana nan lafiya lau, yadda ya baro gidansu.

Kawu ya kalli Dakta. Dakta ya kalli Kawu.

Kawu ya ja durowa ya ciro reza. Dakta ya karɓa ya fita da sauri. Ranar ce ranar farko da ya durƙusa wa sikelin.

Shaida ɗaya gare ni a duniya, ni na naɗe ta na miƙa musu. Baki shi ke yanka wuya.

Da muka rage mu biyu, Kawu ya tube Farfesan ya ajiye. Ya ce gadon ubana ne ke ɗawainiya da ni. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bayan kanta yana naɗe ƙwaya a takarda, ya ɗauka shi ma likita ne. Ya ce tun farko bai so ƙanwarsa ta zauna da mai kemis ba.

"Da sikelin mai kemis ɗalibanka ɗari uku suka koyi awo," na ce.

"Wannan gwangwanin?"

"Shi. Ba shi da leshi, amma yana motsi."

Ya ce da baƙuwa ta tafi, gwangwanin ya bar masa makaranta. Sannan ya ɗauki waya. Na san lambar da zai kira tun kafin ya danna.

Ya ce, ƙanwata, 'yarki za ta kashe ni da raina. Bai faɗi noti ba, bai faɗi sikeli ba. Ya ce dai an yi baƙuwa daga ƙetare, ga ƙaramar takarda, yarinya ta ƙi sa hannu, so take a tozarta shi a gaban duniya da furfurarsa. Ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a gabana.

Umma ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. A hankali ta tambaye ni, ranar da Baba ya rasu, wa ya fara zuwa. Wa ya tsaya a ƙofa kwana uku yana karɓar gaisuwa. Wa ya ɗauke ni aiki ba takarda, lokacin da kowa ke cewa a kawo takarda. Ina jin ƙarar keken ɗinkinta ta tsaya, abin da ko ciwon baya ba ya sa ta yi.

"Umma, aikin zan rasa."

"Aiki a samu wani. Ɗan'uwa fa?"

"Ƙarya ce a takardar."

Kawu ya juya yana kallon takardunsa na bango.

"Na sani," ta ce. "Na san Yaya tun kafin a haife ki. Ki sa masa hannu, in har na isa da ke."

Ta kashe.

Masu zagina a ƙasan shafi, ku tanadi bakinku. Duk wadda uwarta ta taɓa ce mata in har na isa da ke, ta san ba tambaya ba ce.

Na ce a ba ni minti biyar in kwashe kayana.

*

Sito ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanke hannu. Taga ɗaya, kanta uku. Ta sama kwalaben gilashi, na jera su daga dogo zuwa gajere. Ta tsakiya gwangwanayen hoda, kowane da ranar buɗe shi a jikin murfi. Ta ƙasa turmi da taɓaryar farin dutse guda goma sha biyu, ɗaya ya tsage, shi nake bai wa ɗalibin da ya zo a makare.

Sikelin Baba yana kan tebur ƙarƙashin taga, inda haske yake. Na goge farantan da gefen mayafina. Na jera duwatsun a gidajensu, daga giram ɗari har ɗan ƙaramin da ake ɗauka da hantsaki. Na hura farantin hagu, allura ta karkata, ta yi rawa, ta dawo tsakiya. Shekara arba'in yana wannan aikin, ba wanda ya taɓa yin hoto da shi.

A gefensa akwai babban littafin awo, mai kwafin duk takardar da aka tura ƙetare. Na buɗe shi na bar shi a buɗe. Don ya sha iska.

Kayana kaf a leda ɗaya suka shiga: kofi, silifas, waya, da cajar da na gaya muku ta mutu. Na kulle ƙofa. Makullin yana da ɗan allon roba da Kawu ya sa aka rubuta ɗakin ajiya a jiki da Turanci, don mu yi kama da ƙetare.

A baranda mai hular sanyi ta tare ni, ta ce Anti lafiya, ta ga leda. Na ce mata ja zai yi mata kyau.

*

Huɗu saura kwata muka koma ɗakin gilashi. Na lura da abu biyu: garin fenti ruwan ƙwai a kan leshi, da ƙura a gwiwar wandon Dakta Turare. Ya tsaya daidai wurin garin ya dafa shi da hannu kamar mai jiran hoto.

Farfesa ya yi gyaran murya. Ya ce ya yi bincike mai zurfi, cikin minti arba'in, kuma an gano bakin zaren. Ya nuna ni da biro. Ya ce yarinya ce da aka ɗauka don tausayi, ba ta yi karatu ba, ba ta san darajar kayan kimiyya ba. Ya ce abin kunya ne ga sashe, amma sashe ba ya ɓoye laifi, don gaskiya ita ce ginshiƙin haɗin gwiwa. Ginshiƙin ya maimaita shi sau biyu, kalmar ta yi masa daɗi.

Baƙuwar ta karanta takardar daga sama har ƙasa. Sannan ta kalle ni. Tun safe nake zuba mata ruwa, sai yanzu ta ga ina da fuska.

Ta yi min magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, tana kwatance da hannu kamar mai koya wa kurma hanyar kasuwa. Ta tambaya ko ni na ɗaura notin.

Na ce haka takardar ta ce.

Ta tambaya da me na ɗaura su.

Na ce takardar ba ta faɗa ba.

Kawu ya yi tari, ya turo min biro.

Na sunkuya a kan teburin sikelin, kusa da furen roba. Na sa hannu, kamar yadda Umma ta ce. Shekara huɗu na aiki, layi ɗaya ya share su. A ƙasa akwai akwatunan kwanan wata, biyu na rana. Ran shida ga wata ne. Na rubuta sifili, na rubuta shida.

Hannuna ya koma ya ja layi biyu a ƙarƙashin sifilin.

Masu cewa da gangan na yi, ku je ku tambayi hannun. Ni dai ina tsaye.

Kawu ya sauke numfashi. Ya ce to alhamdulillahi, a wuce ɗakin taro, manyan makaranta suna jira. Dakta ya riga ya kama hanyar ƙofa.

Baƙuwar ta fara ninke takardar. Ta tsaya a rabin ninki.

Ta warware ta. Ta kai ta kusa da taga. Ta dawo ta zuge jakar goyonta, ta ciro wasu takardu da suka sha hannu har gefensu ya yi laushi. Na gane su tun daga nesa. Takardun awo ne, waɗanda take nuna wa ɗalibanta a can. Ta shimfiɗa su a kan leshi, ta ajiye takardar korata a gefe, ta sa yatsa ɗaya a nan, ɗaya a can.

Fanka a kashe take tun ɗazu. Ina jin zufar Dakta tana kokawa da turarensa.

Ta juya takardar ta baya, ta miƙa wa Farfesa biro da hannu biyu, cikin ladabi.

"Farfesa, don Allah rubuta min rabin giram."

Ya yi dariyar nan tasa. Ya ce ashe yau har da jarrabawa. Ya karɓi biro, ya ɗiga ɗigo ɗan mitsitsi, ya rubuta biyar mai jela, ya ja dogon layi a ƙarshe kamar mai sa hannu a takardar yabo.

Ba sifili.

Ta daɗe tana kallon ɗigon. Ta juyo gare ni, kuma wannan karon ba kwatance da hannu, ba kalma ɗaya bayan ɗaya. Yadda take yi wa Farfesa magana da safe, haka ta yi min.

"Wannan sikelin bai taɓa awo ba. Amma awon da ke cikin takardun nan na gaskiya ne, na duba su da kaina. A wane sikeli aka yi su, kuma yana ina?"

Kawu ya matso kusa da ni yana yi wa baƙuwa murmushi, haƙora a haɗe. Da Hausa ya yi maganar, ƙasa-ƙasa.

"In kika buɗe sito, ki je ki gaya wa uwarki ta rasa ɗan'uwa."

"Ni na isa in buɗe sito, Kawu? Ai an dakatar da ni."

Dakta Turare ya waiwayo daga bakin ƙofa. Bai taɓa jin kalmar a makaranta ba. Kawu ma sai da kuncinsa ya motsa.

"Ba ni makullin," ya ce.

"Takarda ta ce in miƙa nan take. Ba ta ce wa zan miƙa wa ba. Kai ka rubuta, ni ba ni da ilimi."

Na zare makullin daga wuyan hannuna. Na zuge 'yar ƙofar gilashin sikelin, wanda aka hana ni taɓawa shekara uku. Na ɗora makullin a tsakiyar faranti, allon robar yana kallon sama, rubutun Turancin Kawu yana kallon baƙuwa.

Sikelin ya nuna layuka huɗu.

Hannu biyu suka miƙo a lokaci ɗaya, na Kawu da zoben azurfa, na baƙuwa da ƙurar siminti a tafi.

A cikin ledata waya ta fara ruri.

Umma ce.